Kwana arba'in a cikin kalma ɗaya

A lokacin kullen korona na 2020 na sha jin kalmar quarantine a rediyo, amma sai daga baya wani malamina ya warware mini asalinta. Ma'anarta killace wanda ake zargin yana ɗauke da cuta mai yaɗuwa, tushenta kuwa kalmar Italiyanci ce, quaranta, wato arba'in. A zamanin annoba, hukumomin birnin Venice sukan tsare jirgin ruwa da mutanensa har kwana arba'in kafin kowa ya taka tudu. Birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta ƙasar Croatia a yau, ya riga su a 1377, sai dai nasa kwana talatin ne. Bayanin ya sosa mini zuciya, domin na tuna mahaifiyata tana ɗaga mini hannu ta taga, alhali tata killacewar kwana 14 ce kacal.