Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun Oran

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Satin da ya wuce mun tsaya inda na baro Gardaya na iso Oran, can bakin teku a ƙasar Aljeriya, garin da Larabawan wurin ke ce ma Wahran, har na samu aikin lebura a wani shantiye da ake gina gidan sama. To bari mu ɗora.

Ƙarshen Oktoba na shigo garin, lokacin ba zahi ba sanyi, rana mai daɗi, har nake ce ma abokan aiki ai wanga gari hutu ne. Akwai wani ɗan Tasawa da ya daɗe can, dukkanmu Yaya muke ce mashi, ya yi dariya ya ce ƙanena bari Nuwamba ta kama tukuna, kuma kuɗɗinka na hwarko kar ka aika su gida duka, ka sayi bargo da takalmin roba. Na bi maganarshi, na samo bargo biyu na gwanjo da wata tsohuwar jaket.

Ku da ke Maradi kun san yadda Nuwamba take, an gama kaka, gero ya shiga rumbu, ana ɓarar gyaɗa, Gulbi ya koma rairayi, hazo ya sauko, leɓe na tsagewa, ƙahwa na kaushi, ana neman man kaɗe. Ruwan sama kuwa an yi sallama da shi sai baɗi. Can bakin teku lokacin ne damina ke kamawa. Wallahi ranar da ruwan hwarko ya sauko tsaye na yi ina kallo, ga sanyi ga ruwa lokaci guda, abin da ban taɓa gani ba tun da anka haihe ni. Kuma in an bi lissahi ruwan nasu bai kai namu ba, a shekara Oran ba ta cika samun milimita 400 ba, mu muna samun wajen 500, amma namu a wata huɗu yake zubowa cikin zahi, rana ta hito ta busar da komi, nasu kuwa daga Nuwamba har wajen Afrilu yake ja, wani lokaci yayyahi kwana da kwanaki gari a lulluɓe ba ka ganin rana.

A cikin ginin muke kwana, hawa na sama, ba a sa tagogi ba tukuna, kuma gehen da muke teku yake kallo. Munka toshe ramukan da buhunan siminti da leda, munka shimhiɗa kwali ƙarƙashin katihwa, duk da haka in iskar yamma ta taso da dare ledar nan ta riƙa bugawa kenan har asuba, ba mai barcin kirki. Sanyin a ma'auni ba wani abu ba ne, da dare digiri 6 zuwa 8, da rana wajen 17, to amma sanyi ne mai laima. Namu na gida in ka hura wuta ka ja bargo ya ƙare. Wanga bargon kanshi za ka taɓa ka ji shi jiƙe-jiƙe, bango na zuhwa, in ka wanke wando ranar Juma'a sai Litinin ta yi bai bushe ba har ya hwara wari, takalmin da ka aje lungu ka iske ya yi hunhuna. Alwalar asuba kuwa, hmm, Allah dai ya karɓa mana.

Abin da ya hi cin rai ba sanyin ba ne, aikin ne. Kuɗɗin yini ake biyanmu, ranar da anka tashi da ruwa maigidan aikin zai leƙo ya ce yau babu, ba a zuba kankare cikin ruwa, shahen da anka yi jiya ma bai sha iska ba. Sai mu zamna mu haɗa shayi muna kallon sama. Ni da na tashi gidan manoma, inda in hadari ya haɗu har guɗa ake yi, sai ga ni ina roƙon Allah ya ɗauke ruwa.

Ranar Juma'a ba aiki, bayan masallaci in gari ya yi sauƙi mukan taka zuwa Front de Mer, wani dogon titi ne a kan tudu, por, wato tashar jiragen ruwa, na ƙasanka, can hagu ga dutsen Murjajo da tsohuwar ganuwar Santa Kuruz a kanshi. Ni kahin nan babban ruwan da na sani tabkin Madarunhwa ne. Da na zo a Oktoba tekun nan kwance take shuɗiya, har da masu wanka wajen Ain Turk. Zuwa Disamba ta rikiɗe ta koma toka-toka, igiyar ruwa na tasowa ta daki katangar duwatsun da anka yi don kare por, kumhwa ta yi sama ta hi tsawon mutum, in iska na busowa har gishiri kake ji a leɓenka kana tsaye can nesa.

Akwai wani tsohon masunci da muke sayen sardin wurinshi, da ɗan Larabcin da na tsinta Tamanrasat da guntun Faransancin lakwal muke hira. Shi ya ce mani tekun nan, wato Bahar Rum, ba ta saurin hucewa, zahin da ta sha a Agusta, lokacin ruwan na kai digiri 24, shina nan jikinta har shigowar hunturu, to in iska mai sanyi ta taho daga yamma ta bi ta kan ruwa mai ɗumi sai hadari ya haɗu da sauri, shi ya sa ruwan hwarkon hunturu ya hi ɓarna. Ya tuna mani da ambaliyar unguwar Bab El Wad a Alje, babban birnin ƙasar, 10 ga Nuwamba 2001, mutum sama da 700 sunka rasu. Su masunta da dare suke hita da hitilu masu haske, sardin na bin hasken su zagaye shi da koma. In ƴan meteyo, masu hasashen yanayi, sunka ba da sanarwar iska ba mai hita, jiragen duk a ɗaure suna karo da juna, washegari ka je kasuwa kihin ya yi tsada ko babu shi sam, sai mu koma kan burodi da wake. Har babban jirgin da ke kai mutane Alikante ta Sipaniya ko Marsai ta Faransa wani lokaci sai ya jira teku ta kwanta.

Na tuna na kira gida cikin irin wanga ruwa, Inna ta ji ƙara ta ce wai mi ke nan, na ce Inna ruwa ake. Ta ce ruwa a watan nan? to mi kunka shuka? Na ce Inna mu ba mu shuka komi ba, masu garin dai yanzu suke shuka alkama da sha'ir, sai wajen Mayu ko Yuni su girbe. Ta ce ikon Allah, ta ce in riƙa shan kunu da zahi, ban ce mata ba gero a garin ba. Abu guda da zan yaba ma lokacin shi ne lemu, ya yi arha ƙwarai, ƙananan nan masu sauƙin ɓarewa da ake ce ma kilemantin, asalinsu ma nan kusa ne, wani gari Misargin, aljihun jaket ɗina bai rabuwa da su.

Cikin waɗannan kwanakin zaman banzan ne maganar harga ta shigo ɗakinmu, wato tsallaka teku a ƙaramin jirgi zuwa Sipaniya. Daga gaɓar Oran zuwa Almeriya ta Sipaniya wajen kilomita 200 ne, kuma akwai masu zuwa shantiye suna zuga yara wai dare ɗaya ne ka isa. Yaya ya ce duk wanda ya ga tekun nan a Disamba ya shiga jirgin roba to ya hwara aiko ma uwarshi da wasiyya. Kowa ya yi shiru, ban da wani yaro ɗan wajen Gidan Rumji da ke kwana kusa da ni, shi tambaya ya shiga yi, nawa ake biya, ina ake tashi. Da dare ina jinshi shina ƙirga dinarin da ya ɓoye cikin sahwa.

Yadda munka ƙare da shi sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.