Ranar Askin Tumaki

Tun da sassafe nake garke yau, domin rana ce ta yi wa tumaki aski. Jiya aka killace su a ƙarƙashin rumfa, aka kuma janye musu abinci, saboda jiƙaƙƙen ulu yana ruɓewa idan aka tara shi, tunkiyar da cikinta ya cika kuwa takan sha wahala idan aka zaunar da ita.

Dattijon da ke askin ya kama ta farko, ya zaunar da ita a kan gindinta, ya jingina bayanta da gwiwoyinsa, sai ta yi lamo. Ya fara da ciki, ya bi ƙafafu da wuya, sannan ya ja injin a tsawon bayanta, har ulun ya sauka gaba ɗaya kamar an tuɓe mata riga. Duka-duka bai wuce minti 3 ba.

Na ce, "Baba, ba ta jin zafi kuwa?" Ya ce, "Ɗana, barin ta da ulun shi ne cuta." Gaskiya ya faɗa, domin ulun tunkiya irin Merino, wadda asalinta Sifaniya ne, ba ya zubewa da kansa. A 2015 an tsinci wani rago a Ostareliya da ya daɗe bai ga aski ba, aka cire masa fiye da kilo 40.

Aikina shi ne shimfiɗa ulun a kan tebur ina tsince gefuna masu datti, kuma kafin rana ta take, tafukan hannuna sun yi santsi da maiƙonsa. Wannan maiƙo shi ake tacewa a samu lanolin da ake zubawa a man shafawa. Mai laushin ulun za a wanke, a shiɓe, a kaɗa zare, a saƙa riguna da barguna, waɗanda ke tsotse laima mai yawa ba tare da mutum ya ji sun jiƙe ba, wuta ma ba ta saurin cin su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tulin mai kaushi da aka ture gefe za a zubar, alhali yana yin darduma, ana cusa shi a bango don tare sanyi, har taki yana zama. Na roƙa aka ba ni buhu 2, gobe zan fara wanke su.