Godiya ga mutanen kan dutse da na gindin dutse

Salama a gare ku duka.

Yau kwana 12 da sallamata daga asibiti. Ƙafar ta fara taka ƙasa, har jiya na je coci ba sanda. Tun ina kwance nake juya wannan saƙo a raina. Da Hausa nake rubuta shi don ni haifaffen Garwa ne a arewacin Kamaru, cikin Hausawa na tashi, kuma rabin waɗanda ke bina bashin godiya Hausa suke ji. Na kan dutse kuwa, ɗan katekis, wato mai koyar da addini a coci, ya yi min alkawari zai karanta musu daga wayarsa, ya juya musu da yarensu.

Mu huɗu aka tura daga babbar seminari ta Marwa, inda muke koyon aikin Fada, mu yi hutun damina a wani ƙauye na duwatsun Mandara, sama da Tokombere. Mako shida. Ba a gidan mishan aka sauke mu ba, rarraba mu aka yi gida-gida: ka ci abin da gidan ke ci, ka kwana inda suke kwana, da safe ka ɗauki fartanya. Da mahaifiyata ta ji an ce Mayo-Sava, yankin da Tokombere take, sai ta yi tsit. Ba ta manta da Afrilun 2014 ba, lokacin da aka sace Fada biyu 'yan Italiya da wata Sista 'yar Kanada a Cere, nan kusa da Marwa. Inna, kin bar ni na tafi, na gode.

Godiyata ta farko ga Baba mai gidan da na sauka ne, da matarsa, wadda ni ma Inna nake ce mata.

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san Agusta. Dawar bara ta kusa ƙarewa, ta bana ba ta nuna ba. Na ga Inna ta hau rumbu ta saman, ta nutse har ba a ganin kanta, ta fito da abin da bai kai rabin ƙwarya ba. Amma kullum da safe sai in tarar da ɗumamen tuwon jar dawa da miyar tafasa, wadda a nan ake kira tasba, an rufe min da faifai. Na ɗauka mutan gidan sun riga ni ci ne, tunda suna riga ni tashi. Sai da na yi mako biyu cur kafin na lura yaran ba sa zama kusa idan na buɗe faifan, bayan ɗaki suke zagayawa. Ashe sau ɗaya gidan ke cin abinci, da dare. Na safen nan nawa ne ni kaɗai. Da na yi magana, Inna ta yi kamar Fulatancina ne ba ta gane ba. Daga ranar dai muka riƙa raba shi biyar, tana harararmu.

Baba shi ya koya min gonar dutse. Gona ce hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tare shi da katangar duwatsu da aka jera da hannu, wani faɗinsa bai wuce taku biyu ba. In ruwa ya yi ƙarfi da dare, kafin a taɓa ciyawa sai an bi katangun an ga inda ya ɓalle, a mayar da dutse, a kwaso ƙasar da ta gangara a kwando a dawo da ita sama. Kashin awaki da tokar murhu ba a zubarwa, duk gona ake kai su. Kakanninsu sun riƙe waɗannan duwatsu ne a zamanin da mahaya ke farautar bayi a fili. Mu 'yan birni sai mu ce musu Kirdi, wai arna. Ni ma bakina ya sha faɗa ina yaro. Na daina.

Yanzu ga abin kunyar, kuma laifina ne ni kaɗai.

Ba ɗan seminarin da zai taka Tokombere bai ji labarin Baba Simon ba. Simon Mpeke, mutumin Edeya can kudu, yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa Fada a 1935. Ya bar babbar ikilisiya a Duwala ya zo nan a 1959, ya riƙa hawa duwatsun nan ba takalmi, har ya rasu ranar 13 ga Agusta 1975. A Mayun 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, mataki ne a hanyar zama waliyyi. To da ranar tunawa da rasuwarsa ta matso, sai wani abu ya raya min in tuɓe takalmi ni ma. Na cusa su cikin jaka, na fito ina taka tsakuwa ina ɗingishi, a raina wai ibada nake.

Baba ya dubi ƙafata, ya dubi nasa takalman taya da ya ɗaure da waya, ya ce, "Ɗana, yaran nan da ka gani haka, babu ce ta sa. Kai naka suna cikin jaka. Me ya sa?" Ban da amsa, kuma ban mayar ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Kwana na biyu wani dutse mai kaifi ya tsaga min tafin ƙafa a gonar wake. Na ɗaure da tsumma na ɓoye, don kunya. Kwana uku ƙafar ta yi suntum har ƙauri, zazzaɓi ya rufe ni, ban san inda kaina yake ba.

Abin da ya biyo baya ba ni aka yi labari.

Maza huɗu suka sauko da ni a kan gadon kara, cikin dare, ana yayyafi, a hanyar da ni da rana sai na dafa da hannu. Biyu daga cikinsu ba Kiristoci ba ne, addinin kakanni suke bi, kuma ɗayan ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Washegari ranar noman gayya ce a gonar ɗayansu, ta wuce shi. 'Yan banga biyu suka raka su da tocila. Na gode muku, ku shida. 'Yan'uwana uku na seminari, ɗaya ya riƙe min kai, biyu sun rigaya gaba neman abin hawa. Ku ma kun san abin da ke raina.

A gindin dutse aka buga ƙofar wani Bahaushe ɗan acaɓa, mu nan kilando muke cewa. Kowa ya san fita da mashin da dare a wannan yanki ba wasa ba ne. Mayo, wato rafi, kuma ya kawo ruwa. An ce ya tsaya a bakin ruwan ya yi bismilla, ya sa aka ɗaure ni a bayansa da rawaninsa, ya tura. Da aka zo maganar kuɗi ya ce a bari sai yaron ya tashi. Na tashi, Malam, kuma har yau ka ƙi karɓa.

Alhaji sarkin fawa na kasuwar, wanda sau ɗaya tak na taɓa sayen tsire a wurinsa, shi ya ajiye sefa 15,000 na magani kafin Fadan ikilisiya ya iso da safe. An mayar masa, ya karɓa da ƙyar. Ya zo duba ni sau biyu, yana tsokanata wai "Fada ƙarami, a ina ka karanta cewa Allah na ƙin takalmi?" Hajiyarsa kuwa kwana tara tana aiko da kunun gyaɗa da safe, da rana tuwon shinkafa. Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a.

Ma'aikatan asibitin mishan na Tokombere, musamman nas ɗin da ta wanke ciwon ina ihu kamar ɗan yaye ba ta yi min dariya ba sai da ta gama, na gode. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da magana ta canza. Shugabanninmu na seminari sun yi min faɗan da ya dace, na karɓa.

Takalman suna can gidan Baba. Na aika a ce ya riƙe, ya aiko cewa sun yi masa yawa, zai ajiye min sai na dawo cin sabuwar dawa. Zan zo in Allah ya yarda, in an ba ni izini.

Sai roƙo ɗaya. Kwanon Hajiya mai murfi, shuɗi, ya biyo ni Marwa cikin kaya. Duk mai zuwa Tokombere ranar kasuwa ya yi min magana in ba shi ya kai mata.