Fuskar wayar da ke jikin talla

Yawancin aikin zane da ake kawo mini yanzu na tallan manhaja ne: ta tura kuɗi, ta sayen kati, ta odar abinci. Kowa kuma abu ɗaya yake so, a sa waya a tsakiya, a nuna manhajar a cikinta. To amma fuskar manhaja an tsara ta ne don idon da ke kusa da tafin hannu. In ka ɗauki hotonta yadda take ka kafa a bakin titi, rubutun sai ya koma kamar tururuwa, mai wucewa a kan babur ba abin da zai gani. Dole a share ƙananan rubuce-rubuce, a ƙara wa adadin kuɗi girma, a bar maɓalli ɗaya ko biyu. Wannan kam ba laifi.

Inda nake tsayawa in ja da mai aiki shi ne idan ya ce a ƙara abin da babu. "Sa mana maɓallin bashi, ai wata mai zuwa za mu fito da shi." Ba na sawa, kuma ina da dalili. Na taɓa tsayawa sayayya a wani shago, mai shagon, dattijuwa, ta miƙo mini takardar tallan wani kamfani da wayarta a gefe, ta ce, "Ɗana, duba mini, ina koren nan yake? Ni tawa ba ta da shi." Na duba, babu shi ɗin. Nan take ta ce ashe ta bogi aka saukar mata, ta sa jikanta ya goge. Mu masu zane ado muke ganin mun yi, ita kuwa da takardar take neman hanya a cikin wayarta. Mutumin da kullum ake ja wa kunne kan 'yan damfara, ƙaramin bambanci ya ishe shi ya gudu da kuɗinsa.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. A 2008 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta dakatar da wani tallan wayar iPhone 3G ta kamfanin Apple, saboda ya nuna shafukan intanet suna buɗewa da saurin da ya wuce na zahiri. A 2020 hukumar ta hana tallan wasannin Homescapes da Gardenscapes na kamfanin Playrix, domin abin da aka nuna ba shi ne ainihin wasan da mutum zai tarar ba. Ƙa'idar App Store, kasuwar manhajoji ta Apple, kuwa ta ce hotunan manhaja su nuna ta ana amfani da ita, ba tambari ko shafin shiga kaɗai ba. Ni abin da ya fi burge ni a tallan Apple shi ne agogo: kusan kullum 9:41 yake nunawa, kusan daidai lokacin da Steve Jobs, shugaban Apple na wancan zamani, ya bayyana iPhone a watan Janairun 2007. Har agogon kusurwa sai da wani ya zauna ya yanke shawara a kansa.

Shi ya sa nake ɓata lokaci a kan abubuwan da ake raina wa. Suna da lambar asusu, ƙirƙirarsu nake yi, ba na ɗaukar na abokin ciniki ko da an turo mini hoton wayarsa. Kuɗin da ke asusun ma ba na cika shi da miliyoyi. Mai sayar da kayan miya ya ga dubu goma sha biyu, ya san da shi ake magana. In rubutun Hausa ne, sai na tabbatar salon haruffan yana da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, akwati ne ke fitowa a gurbinsu.

Kafin in tura wa masu bugawa, nakan buɗe manhajar a ƙaramar Tecno, ba a babbar wayar ofis ba, in bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da zanen. Sannan in kira masu gina manhajar in tambaye su ko akwai sauyin da ke tafe kafin fostar ta hau bango.