Mako na shida da fara gyara yadda nake ajiye abinci a firji da firiza

'Yan uwa abokan koyo, yau mako shida ke nan da na rataye ɗan littafi a gefen firjina ina rubuta duk abin da na gwada, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan sanar da ku inda aka kwana.

Abin da ya fara ba ni kunya shi ne maɓallin nan da ake murɗawa a ciki. Na daɗe ina ɗauka lambobin da ke jikinsa digiri suke nunawa, ashe matakan ƙarfin sanyi ne kawai. Sai na samo ƙaramin ma'aunin zafi, na tsoma shi a kofin ruwa a kantar tsakiya, na bar shi ya kwana. Da safe na tarar da digiri 1. Abin da ake so a firji shi ne tsakanin digiri 3 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas, firiza kuwa digiri 18 ƙasa da sifili. Na riƙa rage maɓallin mataki ɗaya, ina jira kwana guda kafin in sake dubawa, har ma'aunin ya zauna a kan digiri 4. Tun daga nan ganyen da yake daskarewa idan ya jingina da bangon baya ya daina lalacewa, injin kuma ya rage yawan tashi.

Abin da ya fi taimaka mini a wannan koyo shi ne fahimtar cewa aikin firji kwashe zafi ne daga ciki ya zubar da shi waje ta bututun ƙarfen da ke bayansa, saboda haka duk wani zafi da na shigar, wutar lantarki ce za ta biya kuɗin fitar da shi. Da na gane haka, sai na janyo firjin daga jikin bango don iska ta samu hanya, na cire filogi na share ƙurar da ta lulluɓe bututun, wadda yawanta ya ba ni mamaki, sannan na nisanta shi da murhu.

Batun dafaffen abinci ne ya fi ɗaure mini kai, domin kuskure yana ta ɓangarori biyu. Idan aka saka tukunya da zafinta, tana ɗumama abin da ke kusa da ita, injin kuma ya yi ta aiki ba hutu. Idan kuma aka bar ta a waje har ta huce don kanta, an ba ƙwayoyin cuta dama, tunda tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa da sauri, shi ya sa bai kamata dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje ba. Dabarar da na tsaya a kanta ita ce in rarraba abincin a robobi marasa zurfi, in jera su a cikin kwano mai ruwan sanyi, da zarar tururi ya daina tashi in rufe su in shigar. Rufewar tana da muhimmanci, domin danshin da ke fita daga abinci shi ne yake komawa ƙanƙara a jikin bango.

Naman da zan dafa gobe kuwa, tun daren yau nake sauko da shi daga firiza zuwa kantar ƙasa ta firji, a cikin kwano don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abu. Yana narkewa cikin aminci, sanyinsa kuma yana rage wa injin aiki.

Na gwada robar bakin ƙofa da takarda: na rufe ƙofar a kanta na ja, sai ta zare ba wata turjiya a kusurwar ƙasa. Wankewa da ruwan ɗumi da sabulu ya gyara matsalar, don ashe datti ne ya hana ta kamawa. Ƙanƙarar firiza ma, da kaurinta ya kai rabin santimita nake narkar da ita. Ina roƙonku kada ku ɓamɓare ta da wuƙa, domin huda bututu ɗaya ya isa ya kashe na'urar; kwanon ruwan zafi da haƙuri sun wadatar.

Wuraren da babu komai a firiza na cike su da gorunan ruwa, amma ba na cika su har baki, saboda ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Cikakkiyar firiza tana iya riƙe sanyinta kimanin awa 48 idan wuta ta ɗauke matuƙar ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa awa 24, firji kuma kimanin awa 4 kacal.

Inda har yanzu nake da rauni shi ne rubuta kwanan wata. Jiya na ciro wata roba daga can ƙasa, na juya ta sau uku ban gane ko mene ne a ciki ba, ƙofar kuma tana buɗe duk tsawon lokacin. Na riga na tanadi alƙalami da takarda mai manne, kuma aikin mako mai zuwa shi ne lissafa duk abin da ke cikin firizar a liƙa jerin a jikin ƙofa.