Akwai mutum a ciki?

Tun kafin a warware mesa, tambayar da ɗan kwana-kwana yake fara yi idan ya diro daga mota ita ce: "Akwai mutum a ciki?" An taɓa yi mini ita ido da ido, kuma ban iya ba da amsa ba.

Ina aiki a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, nan Kano. Bokitai muke yi, da butoci, da kujeru. Ni ne mai kula da kariyar ma'aikata daga haɗari, ni ke duba tukwanen kashe gobara, ni ke shirya atisayen ficewa. Wata Alhamis cikin hunturu, bayan la'asar, wuta ta tashi a siton da muke tara tarkacen robar da za a sake narkarwa. Jiniya ta ɗau kuka, jama'a suka fito suka cika filin da ke gaban masallacin kamfani, inda muka saba taruwa. Wanda bai taɓa shaƙar hayaƙin roba ba ba zai gane ba: baƙi ne ƙirin, mai kauri, yana kama maƙogwaro kamar an shaƙe ka.

Abin da ke hannuna ranar littafin bakin ƙofa ne, mai bangon kwali, wanda kowa ke sa hannu a ciki da safe. Na hau kan wani benci ina kiran suna. Wasu ba sa ji saboda hayaniya, wasu sun tsallaka titi suna kallon hayaƙi, wasu suna waya da gida. A shafi ɗaya masu suna iri guda sun kai biyar, in na kira ɗaya sai uku su amsa. Har motar kwana-kwana ta iso ban gama ba.

Shugabansu dattijo ne mai furfura a gemu. Ya tsaya gabana ya ce, "Malam, akwai mutum a ciki?"

Na ce, "Yallaɓai, saura mutum ɗaya ban gani ba."

Ya ce, "Ba ka gan shi ba, ko yana ciki?"

Na yi shiru. Bai jira ni ba, ya tura yaransa biyu da tukunyar iska a baya suka kutsa cikin hayaƙin. Suna can ciki sai ga wanda muke nema ya ɓullo daga bakin titi da leda a hannu. Ashe heluman sashensu ne ya aike shi sayo magani, ya fita ta ƙaramar ƙofa bai sa hannu ba. Allah ya sa mutanen biyu suka fito lafiya. Ɗayansu ya zauna dirshan a ƙasa yana tari, yaro ne da bai wuce sa'an ƙanena ba. Daren nan ban runtsa ba.

Daga baya, a wani kwas da aka tura ni, malaminmu ya ba mu labarin abin da ya faru a garin Worcester na jihar Massachusetts a Amurka, ranar 3 ga Disambar 1999. Wani tsohon gidan ajiyar kayan sanyi da aka daina amfani da shi ya kama wuta. Aka shaida wa 'yan kwana-kwana cewa akwai wasu mutum biyu marasa matsuguni da ke kwana a ciki. Suka shiga nema, suka ɓace a ɗakunan da ba su da taga, shida daga cikinsu suka mutu. Su kuwa waɗanda ake nema tuni sun fice, ba su gaya wa kowa ba. Ina zaune a ajin amma yaron nan mai tari nake gani. Daga ranar na sa wa manajanmu naci sai an sayo na'urar da za ta riƙa ƙirga mana mutane.

Bari in ɗan yi bayanin yadda take aiki, don da yawa suna zaton wani abu ne mai wuyar fahimta. Katin shaidar aikin da muke ratayawa a wuya yana da ɗan ƙanƙanin guntu da siririyar waya a naɗe a cikinsa. Ba shi da batir. Idan ka kara shi a jikin na'urar bakin ƙofa, ita ce take ba shi ɗan ƙarfin da zai faɗi lambarsa, sai kwamfuta ta rubuta cewa wane ya shigo ƙarfe kaza. To amma da gobara ba a tsayawa kara kati. Dole ne ƙofofin ƙarfen nan masu juyawa su saki da kansu da zarar jiniya ta yi kuka, kowa ya wuce a guje. Saboda haka sai a kafa wata na'urar a filin taruwa. Kana isowa ka kara katinka, sunanka ya tashi daga ja ya koma kore a allon da ke hannuna. Sunayen da suka rage da ja, su ne nawa.

Akwai wadda ta fi wannan. Ana sa wa ma'aikaci wani ɗan maɓalli mai batir irin na agogo, a jikin kati ko hular kwano, yana ta aika sigina ta Bluetooth ba tsayawa, na'urorin da aka liƙa a rufi suna ji. Da wannan ba sai ka kara komai ba, kuma allo zai nuna sashen da aka ji ka na ƙarshe. Ita muka sa wa masu aiki a sito da ɗakin injuna, don nan ne haɗarin ya fi yawa, kuɗinmu kuma bai kai mu sa wa kowa ba. Tana da nata halin. Ƙarfe yana tare sigina, jikin mutum ma yana shanye ta saboda ruwan da ke cikinsa, don haka wanda ya cusa maɓallin a aljihun baya ya jingina da inji yana iya ɓacewa daga allo na ɗan lokaci. Hayaƙi kuwa ba ya hana ta, wannan shi ne alherinta. Abin da na fi dagewa a kai wajen injiniyan da ya kafa mana shi ne wutar lantarki. In gobara ta tashi, lantarki ake fara yankewa, kwamfutar kuma cikin ginin take. Sai da ya sa wa na'urar filin taruwa batirinta daban, ya kuma sa jerin sunayen ya riƙa sauka a kan allon hannuna ko da babu intanet, sannan na sa hannu a takardarsa.

Atisayen farko da muka yi da ita, raina fes. Abin da ke cin mu kusan rabin awa da littafi, cikin 'yan mintoci ja ya kusa ƙarewa. Suna biyu suka rage. Na farko muka neme shi sama da ƙasa, sai wani abokinsa ya matso yana sunkuyar da kai ya ce, "Oga, bai zo ba yau. Matarsa ce ke asibiti, ni na kara masa katin kar a yanke masa kuɗin yini." Na biyu yana tsaye a gabana da ransa da lafiyarsa, katinsa kuwa yana rataye a ƙusa a wurin alwala tun azahar. Na gyara su da hannu, allo ya zama kore tas, na ɗaga hannu na ce kowa ya fito.

Muna shirin watsewa Baba maigadi ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ɗana, ina yaran da suka zo sauke buhuna?"

Tirela ta kawo mana ɗanyen roba da hantsi, an ɗebo leburori daga bakin titi kamar yadda aka saba, a biya su da yamma. Ba su da kati, don ba ma'aikatanmu ba ne a takarda. Muka ruga sito. Biyu daga cikinsu suna can ƙarshen lungu, sun gaji sun kwanta a kan buhuna, ɗaya barci ya kwashe shi, ɗayan ya ji jiniyar amma ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anarta. Wannan siton ne dai da ya taɓa cin wuta. Da gobarar gaske ce, da da bakina zan ce wa dattijon nan shugaban 'yan kwana-kwana babu kowa a ciki, ga allo ma shaida.

Wannan ya fi tsorata ni fiye da ranar littafi. Ranar littafi na san ban sani ba, har shiru na yi. Ranar allo kuwa zuciyata a kwance take. Na tuna mahaƙar kwal ta Sago a jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, inda abu ya fashe a watan Janairun 2006, mutum 13 suka maƙale a ƙarƙashin ƙasa. Bayan sama da awa 40 ana nema, saƙo ya rikice a hanya aka gaya wa iyalai cewa 12 suna raye. Sun yi ta murna a coci na kusan awa uku kafin a dawo a ce musu mutum ɗaya ne kawai ya tsira. A shekarar ce majalisar ƙasar ta yi dokar da ta tilasta wa masu mahaƙar kwal sa na'urar bibiyar ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa. Dokar ta yi daidai. Ni dai abin da na riƙe shi ne, labari mai daɗi a irin wannan lokaci sai an tabbatar da shi sau biyu kafin a furta.

Kuma matsalar marasa kati ba tamu ce mu kaɗai ba. A gobarar masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a Karachi, Pakistan, cikin Satumbar 2012, sama da mutum 250 suka mutu, tagogi da ƙarafa, ƙofofi a kulle. Da yawa daga cikin ma'aikatan ba su da takardar ɗaukar aiki, abin da ya ƙara wa iyalansu wahala wajen tabbatar da cewa nasu na ciki. Duk wanda ya san masana'antunmu na Sharaɗa da Bompai da Challawa ya san yawan masu aikin yini da ke shiga da fita kullum: 'yan dako, yaran mota, mai kawo abinci, mai gyaran janareta da ɗan koyonsa. Su ne ba su san ginin ba, ba su san ƙofar gudu ba, kuma su ne na'ura ba ta san da zamansu ba.

Bayan wata biyu kuma wata rigimar ta taso daga sama. Wani daga cikin manyanmu ya lura cewa maɓallan 'yan sito suna nuna inda mutum yake a kowane lokaci. Ya ce a riƙa fitar masa da lissafin minti nawa kowa ke yi a masallaci da banɗaki, a cire daga albashi. Na ƙi, kuma na faɗa masa dalilina a gaban manaja. Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka yanke wa mutum ɗaya kuɗi da wannan maɓalli, washegari duk za su rataye nasu a jikin inji su tafi uzurinsu. Ranar gobara allo zai ce mini mutum goma suna ɗakin injuna, in tura 'ya'yan mutane cikin wuta su ceto maɓallai." Na kuma tuna masa cewa dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yunin 2023 ta ce bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata da ta saɓa mata. Mu kuwa da bakinmu muka ce wa ma'aikata don tsaron rayukansu ne. Bai ji daɗi ba, har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Amma an rubuta a takarda, an liƙa a allon sanarwa da Hausa da Turanci, cewa ba a buɗe bayanan maɓalli sai lokacin gobara ko atisaye, kuma ba ruwansu da albashi.

Na so a raba katin ƙirga da katin albashi baki ɗaya, don muddin kati ɗaya ne, aboki zai ci gaba da kara wa abokinsa, kuma ba zan iya ganin laifin wanda matarsa ke asibiti ba. Wannan ban ci nasara ba tukuna. Abin da na samu shi ne, kowane heluma yana duba fuskokin mutanensa bayan an fara aiki ya aiko mini da sunan wanda bai gani ba. A filin taruwa ma, bayan allo ya yi kore, kowane heluma sai ya tsaya gaban layinsa ya ƙirga kawuna, ya zo ya ce mini "nawa sun cika" da bakinsa. Ranar Juma'a da rana, lokacin da rabin kamfani ke fita masallacin unguwa, mun sa na'ura a ƙaramar ƙofar ma.

Marasa kati kuwa Baba maigadi na damƙa wa. Yana da akwatin katunan baƙi guda arba'in, masu igiya ruwan ɗorawa don a gane su daga nesa. Ba lebura, ba direba, ba mai tallan abinci da zai wuce shi sai ya rataya masa ɗaya, ya nuna masa filin gaban masallaci da sandarsa, ya ce, "In ka ji jiniya, ajiye abin da ke hannunka, can za ka." Da magariba yana zazzage akwatin a kan tabarmarsa ya ƙirga. Jiya talatin da tara ya samu, ya hana a rufe sito sai da aka gano yaron motar da ya tafi da na arba'in a wuyansa, ya kira direban ya ji muryar yaron da kunnensa, suna Kwanar Dangora a hanyar Zariya.