Dubiya ta bayan gilashi: jinyar dashen ɓargo a Ingila

Abin da har yanzu bai zauna mini ba a aikin jinya a Ingila shi ne ɗakin wanda aka yi wa dashen ɓargo. Mutum shi kaɗai, ƙofa a rufe, mako uku ko huɗu. A Argungu ko Jega da yanzu an shimfiɗa tabarmi, kwanuka sun cika ƙarƙashin gado.

Dalilin kuwa mai ƙarfi ne. Kafin dashen, ana ba mai sankarar jini magani mai zafi da ke share ɓargonsa, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, sabon ɓargon kuma sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin ya kama. Murar ɗan dubiya tana iya zame masa ajali. Zazzaɓi ya kai 38, babu jiran gari ya waye. Kwana 100 na farko su ne na tsaro.

Namu mutanen, abin da ya fi cin ransu ibada ce, ba ciwon ba. Bututun ba da magani da ake sa wa majinyaci a ƙirji ba ya hana alwala, wajen wanka ne ake rufe shi kada ya jiƙe. In jiki ya ƙi, a yi taimama da dutse mai tsabta, ban da ƙasa mai ƙura, domin ƙura na ɗauke da funfuna mai kama huhu. Asuwaki a ajiye shi, dasashi na zubar da jini. Buroshi mai laushi ya isa. Sallah a zaune ta yi. Azumi kuwa, maganin da ke hana sabon ɓargo yaƙar jiki, ciclosporin ko tacrolimus, duk awa 12 ake sha, kuma yana wahalar da ƙoda in babu ruwa sosai. Allah ya yi rangwame, a karɓa. Asibitocin nan suna da limamai masu zagayawa, wannan kam na yaba musu, kuma wanda ya samu mai yi masa karatu ya fi samun barci.

Takaicina yana gida. Inna ta aiko kilishi da sassaƙe da rubutu, a ce ba za a ba shi ba, sai magana ta zagaya dangi wai ya zama Bature. Nonon da ba a dafa ba, naman da aka shanya, jiƙon da ba a san haɗinsa da maganin asibiti ba, duk haɗari ne. A karanta masa ayoyin ta waya, Inna, za su isa.

Sai zancen komawa. Rigakafin yara ma sabo ake masa daga wata 6 zuwa 12 bayan dashen, na zazzaɓin shawara kuwa, wanda shiga Najeriya ke bukata, sai bayan shekara 2 kuma ya daina maganin danne garkuwa. Ga sauro. Aure ya wuce, suna ya wuce, wani lokaci har ta'aziyyar mahaifi a waya ake karɓa. 'Yan uwa, ku daina tambayarsa yaushe zai zo, ku riƙa kiransa bayan Magariba.